Mizar da Suha: Taurari Shida da Ido Ke Gani Biyu

Daga watan Maris zuwa Yuli, duk wanda ya fuskanci arewa bayan sallar isha'i a ƙasar Hausa, in dai babu hadari kuma ƙura ta kwanta, zai ga wasu taurari bakwai masu haske sun yi siffar ludayi. Huɗu su ne kwanon, uku kuma mariƙin da ya ɗan tanƙware. Larabawan da suna kiran su Banatu Na'ash, domin a ganinsu huɗun nan makara ce, ukun kuma 'yan mata ne da ke biye da gawa. Amurkawa ludayin suka gani, mutanen Ingila suka ce garma ce. Wanda wannan rubutu ke magana a kansa shi ne na tsakiya a cikin ukun mariƙin, daidai wurin tanƙwarar. Sunansa a littattafan falaki na yau Mizar.

A Kano, wajen ƙarfe tara da rabi na dare a ƙarshen watan Mayu, Mizar na kaiwa iyakar hawansa, digiri 47 sama da inda sama ta haɗu da ƙasa, ludayin kuma a kife. Ka nisanci fitilun titi, ka ajiye waya a aljihu, ka bar ido ya saba da duhu na kamar minti goma, sannan ka ƙura masa ido. Daga hannun dama, ɗan ƙasa kaɗan, akwai wani mitsitsin tauraro da ya maƙale masa. Larabawa suka sa masa suna Suha, Turawa kuma suna ce masa Alkor. Wanda bai samu dubawa da bazara ba, yana iya jira sai sanyi: a watan Disamba ludayin ba ya fitowa da magariba, amma masu tashi sallar asuba suna tarar da shi can sama ta arewa maso gabas.

Tun ba yau ba mutane ke gwada ƙarfin idonsu da Suha. Abdurrahman al-Sufi, masanin taurarin nan na ƙasar Farisa da ya kammala littafinsa kan siffofin taurari wajen shekarar 964, ya ambaci wannan al'ada. Larabawa ma suna da karin magana kan mutumin da kake nuna masa Suha shi kuma yana nuna maka wata, wato kana maganar abu mai zurfi yana amsa maka da abin da kowa ya sani. A ƙasar Indiya kuwa ana ɗaukar taurarin biyu a matsayin miji da mata, Vasishta da Arundati, har a wasu yankuna ana fitar da ango da amarya a nuna musu su.

Sai dai gwajin ba na tazara ba ne kamar yadda ake zato. Tsakanin taurarin biyu akwai mintin kusurwa kusan 12, wato ɗan fiye da sulusin faɗin cikakken wata, alhali lafiyayyen ido yana iya raba abubuwa biyu da tazararsu ba ta wuce minti ɗaya ko biyu ba. Wahalar tana wajen haske. Masana suna auna hasken taurari da wani ma'auni da ya samo asali tun zamanin Girkawa, wanda ke tafiya a baibai: ƙaramar lamba, babban haske. Mizar yana wajen daraja ta 2, Suha yana ta 4, kuma kowace daraja ɗaya tana nufin ninki biyu da rabi. Ke nan Mizar ya fi maƙwabcinsa haske kamar sau shida. Idon da ke da ɗan hazo sai hasken babban ya baje ya shanye ƙaramin. Shi ya sa dattijon da yana ta fara taso masa zai rantse tauraro ɗaya ne, jikansa kuma na gefe yana ganin biyu ƙarara.

Tambayar da ta dame masana ita ce ko biyun nan tare suke da gaske. Sama ba ta nuna zurfi. Taurari biyu suna iya faɗowa kan layi ɗaya daga inda muke, alhali ɗaya yana can nesa ƙwarai da ɗayan. A burujin Jadyu akwai wasu biyu da ido ke rabawa kamar haka, masu suna Aljadi: ɗaya yana nisan shekarun haske kimanin 100, ɗayan ya ninka wannan nisa sau shida ko fiye, babu abin da ya haɗa su sai dace. Shekarar haske ma'aunin nisa ce, tafiyar da haske ke yi cikin shekara guda, kimanin kilomita tiriliyan 9.5. Hasken rana minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi yake yi kafin ya iso mana. Na Mizar da Suha kuwa shekaru 82 zuwa 83 yake yi a hanya. Ke nan dai su biyun a unguwa ɗaya suke. Ko gida ɗaya suke, wannan wata magana ce, kuma za mu dawo kanta.

A farkon shekarar 1617, wani malamin lissafi kuma limamin coci a Italiya, Benedetto Castelli, ya rubuta wa malaminsa Galileo wasiƙa yana roƙonsa ya dubi Mizar da madubin hangen nesa. Abin da ya gani shi ne Mizar ɗin kansa, ban da Suha, ya rabe biyu: wani mai haske da wani da bai kai shi ba, tazararsu daƙiƙar kusurwa 14 kacal, wato kusan kashi ɗaya cikin hamsin na tazarar da ke tsakaninsa da Suha. Littattafai da yawa suna ba Giovanni Riccioli wannan gano a wajen 1650, amma takardun Galileo sun nuna an riga shi da fiye da shekaru talatin. Yau ana kiran su Mizar A da Mizar B, kuma ƙaramin madubin da ɗalibi zai iya saya ya isa ya raba su.

Galileo ya yi murna, amma ba don kyan abin ba. Yana neman hujjar da zai kafa cewa duniya ce ke zagaya rana. Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya: yatsan zai yi tsalle a kan bangon da ke bayansa. Haka ya kamata tauraro na kusa ya yi tsalle a kan na nesa idan duniya ta koma ɗaya ɓangaren rana bayan wata shida. Galileo ya ɗauka taurari duk girmansu ɗaya ne da rana, don haka mai haske shi ne na kusa, marar haske na nesa. Ga biyu nan dab da juna, sai a zuba ido a ga tazararsu tana buɗewa tana rufewa. Ya duba, ya sake dubawa, ko motsi. Dalili biyu ne suka kayar da shi. Na farko, Mizar A da B nisansu ɗaya daga gare mu, tare suke tsallen. Na biyu, tsallen ma bai wuce kashi takwas cikin ɗari na daƙiƙar kusurwa ba, abin da madubinsa ba zai taɓa gani ba. Sai a 1838 Friedrich Bessel ya samu auna irin wannan tsalle, a kan wani tauraro daban.

Kafin nan, a 1767, John Michell a Ingila ya yi lissafi ya nuna cewa tagwayen taurari sun yi yawan da ba zai yiwu a ce duk dace ne ba, kuma a 1803 William Herschel ya bayyana cewa ya ga wasu tagwayen suna kewaya juna. Mizar A da B ma haka suke, amma a hankali ƙwarai. Tazararsu ta kai kusan ninki 380 na nisan duniya da rana, kuma zagaye ɗaya yana cin dubban shekaru. A watan Afrilun 1857 su ne tagwayen farko da aka ɗauki hotonsu, a ɗakin duban taurari na Harvard a Amurka, aikin George Bond da mai ɗaukar hoto John Whipple.

A wannan gida ne dai aka sake fasa Mizar, kuma wannan karon ba da ganin ido ba. Idan aka bi da hasken tauraro ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya baje zuwa launukan bakan gizo, daga ja zuwa shuɗi. A cikin launukan akwai siraran baƙaƙen layuka, kowane a gurbinsa, domin kowane sinadari da ke saman tauraron yana tsotse nasa yanki na hasken. A shekarun 1880 Harvard ta shiga ɗaukar hotunan wannan bajewa a kan faifan gilashi, ta kuma ɗauki mata aiki suna dubawa. Aikin na haƙuri ne: a jingina faifan a kan katako, madubi na ƙasa yana turo hasken taga ta bayansa, mai aiki ta sunkuya da tabarau na hannu tana bin wani ɗan zane mai toka-toka da bai fi tsawon yatsa ba. A cikin faifan Mizar A aka lura da wani abin mamaki. Wani layi na sinadarin kalsiyam, yau ɗaya ne, a wani faifan ya zama biyu, a wani kuma ya koma ɗaya. Shugaban wurin, Edward Pickering, ya sanar da abin a 1889, Antonia Maury kuma ita ce ta bi faya-fayan ɗaya bayan ɗaya tana lissafa lokutan rabuwar.

Bayanin yana hannun wani ɗan Ostiriya, Christian Doppler, tun 1842. Kowa ya san yadda jiniyar motar asibiti ke tsini idan tana tahowa, sannan ta yi kauri da zarar ta wuce. Haske ma haka yake: tauraron da ke nufo mu layukansa suna ɗan gusawa wajen shuɗi, wanda ke gudu daga gare mu nasa suna gusawa wajen ja. To idan taurari biyu ne ke kewaya juna, akwai lokacin da ɗaya ke tahowa ɗayan yana tafiya, sai layin ya rabe. Idan suka zo gilmawa ta gabanmu, ba mai tahowa ba mai tafiya, sai layukan su hau kan juna. Wani abin dariya shi ne Doppler ya rubuta takardarsa ne don ya bayyana dalilin da ya sa wasu tagwayen taurari ke da launi daban-daban, kuma a wannan ya faɗi, domin zafi ne ke kawo launin. Ƙa'idarsa ta zo ta yi aiki a kan tagwaye ta wata ƙofar da bai nufa ba.

Mizar A shi ne tauraro na farko da aka gane tagwaye ne ta wannan hanya. Lissafin Harvard na farko ya ba da zagaye na kwana 104, sai a 1901 Hermann Vogel a Jamus, da faya-fayai masu yawa a jere, ya nuna kwana 20 da rabi ne. A 1908 Edwin Frost a Amurka da Hans Ludendorff a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka ga layukan Mizar B ma suna kai da kawowa. Shi ma biyu ne, zagayensa kusan kwana 176. Mizar ya tashi daga ɗaya ya koma huɗu.

Mai karatu na iya cewa to me ya yi zafi, biyu ne ko huɗu? Amfanin yana wajen nauyi. Tauraro guda tilo babu yadda za a auna nauyinsa kai tsaye, sai dai a kimanta daga haskensa da launinsa. Amma idan biyu suna jan juna, saurin zagayensu yana tona asirin nauyinsu, bisa dokar da Kepler ya gano kuma Newton ya bayyana dalilinta. Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki nisan duniya da rana a matsayin 1, shekara ma a matsayin 1. Matsakaiciyar tazarar taurarin Mizar A kimanin 0.243 ce, wato ba ta kai nisan duniyar Makyuri daga rana ba. A ninka ta da kanta sau uku, a samu 0.0143. Kwana 20 da rabi kuwa 0.056 ne na shekara, a ninka shi da kansa, a samu kimanin 0.0032. A raba na farko da na biyu, amsa ta fito kusan 4.5. Nauyin su biyun ke nan idan aka auna da rana, kuma da yake gudunsu kusan ɗaya ne, sama da kilomita 60 a daƙiƙa, kowane ya ɗauki rabi: nauyin rana sau 2.2.

Akwai inda gizo ke saƙa a wannan lissafi. Layukan haske suna nuna gudun da ke kan layin kallonmu ne kawai, ba su faɗin yadda hanyar zagayen ta karkata. Sai an ga taurarin biyu a rabe kafin a san karkatar, tazararsu kuwa a sama kashi ɗaya ce cikin ɗari na daƙiƙar kusurwa. Dabarar ita ce a haɗa hasken da madubai biyu ko fiye, masu tazara da juna, suka tattaro, su yi aikin madubi ɗaya ƙato. Francis Pease ya gwada haka a kan Mizar a Dutsen Wilson a shekarun 1920, kuma a 1996 wata na'urar rundunar ruwan Amurka a jihar Arizona ta fitar da hotunan taurarin biyu suna sauya wuri dare bayan dare. Hanyarsu ba da'ira ba ce, a miƙe take kamar ƙwai, har tazarar da ke tsakaninsu idan sun yi nisa ta ninka ta lokacin kusanci sau uku da ɗoriya. Daga irin waɗannan tagwaye ne aka gina kusan duk abin da aka sani game da nauyin taurari, har da waɗanda ba su da abokin tafiya.

Kowane ɗaya cikin biyun ya fi rana faɗi sau biyu da ɗan wani abu, zafin samansa wajen digiri 8,700 a ma'aunin Salshiyas, inda na rana yake 5,500, shi ya sa suke fari fat. Haskensu kuwa kowane ya ninka na rana fiye da sau 30. A lura da rashin daidaiton: nauyi ninki biyu, haske ninki talatin. Ƙarin nauyi yana matse cikin tauraro, matsi yana ƙara zafi, zafi yana sa iskar haidirojin ta riƙa narkewa zuwa hiliyam da gaggawa. Rana za ta yi shekaru kimanin biliyan 10 tana ci, irin su Mizar kuwa biliyan ɗaya ko makamancin haka makamashinsu ya ƙare.

Suha, wanda ido ke rainawa, shi ma ya fi rana. Nauyinsa kusan ninki 1.8 ne, haskensa ninki goma sha uku zuwa sha huɗu, zafinsa ɗan ƙasa da na Mizar. Yana juyawa a kan kansa da gudun da ya haura kilomita 200 a daƙiƙa, alhali rana kilomita 2 take yi. Da shi ne a gurbin ranarmu, da babu sauran ruwa a tekuna.

Tsakanin Mizar da Suha, ɗan gefe kaɗan, mai madubi zai ga wani tauraro na daban. A 1722 wani farfesa Bajamushe, Johann Liebknecht, ya ɗauka sabuwar duniya ya gano, ya yi maza ya raɗa mata sunan sarkinsa Ludwig. Abokan aikinsa sun yi masa dariya. Tauraro ne na can baya, ba ruwansa da gidan.

An daɗe ana jin wani ƙamshi game da Suha. Taurarin ɗan'adam sun kama hasken eksire yana fitowa daga wajensa, taurari irinsa kuwa ba su cika fitar da shi ba, ƙananan jajaye ne suka shahara da haka. A 2009 ƙungiyoyi biyu, ba tare da haɗa baki ba, suka ga dalili. Ta Eric Mamajek na Jami'ar Rochester ta yi aiki da wani babban madubi a Arizona, ta Neil Zimmerman kuma da na Dutsen Palomar a Kalifoniya, inda suka toshe hasken Suha da ɗan faifai don na gefensa ya bayyana. Sai ga wani jan ɗigo, daƙiƙar kusurwa ɗaya daga gare shi. Ta yaya za a san ba wani ɗan baya ba ne irin na Liebknecht? Ƙungiyar Palomar ta jira wata uku da 'yan kwanaki, duniya ta yi gaba a hanyarta, suka sake dubawa. Da ɗigon na nesa ne, da Suha ya yi tsalle ya bar shi a wurin. Tare suka yi tsallen. Dabarar Galileo ce aka juya ta: rashin motsin da ya hana shi hujja shi ne ya zama hujja a nan. Sabon tauraron nauyinsa wajen rubu'in na rana ne, yana cin makamashinsa da tsumulmula, kuma zai ci gaba da ci ɗaruruwan biliyoyin shekaru bayan manyan sun mutu. Lissafi ya kai shida.

Yanzu sai tambayar da muka jingine. A ganina nan ne labarin ya fi daɗi, domin tagwayen da babu idon da ya taɓa rabawa an san zagayensu har zuwa sa'a, amma biyun da makiyayi ke gani da ido tsirara su ne har yau masana ke ja-in-ja a kansu.

Cewa 'yan'uwa ne, wannan babu musu. A 1869 Richard Proctor ya lura cewa taurari biyar na tsakiyar ludayin suna tafiya sashe ɗaya a sama, na bakin kwano da na ƙarshen mariƙi kuma suna tasu tafiyar daban. Biyar ɗin nan, da Suha, da wasu da dama da suka warwatsu, daga gajimaren iska ɗaya aka haife su, shekaru miliyan 300 zuwa 500 da suka wuce, kuma suna nan suna rabuwa sannu a hankali. Ke nan tafiya tare ba ta isa hujjar cewa Mizar yana riƙe da Suha ba, tunda duk dangin haka suke tafiya. Zagayen ma ba za a zauna jiransa ba. Ko da a ce babu wani bambancin zurfi tsakaninsu, tazarar da muke gani ta kai kusan ninki 18,000 na nisan duniya da rana, ɗan ƙasa da sulusin shekarar haske, kuma zagaye ɗaya a wannan nisa zai ci shekaru wajen 750,000. Shekaru 400 da aka yi ana duban su da madubi ba su kai rabin digiri ɗaya na da'irar ba.

Abin da ya rage shi ne a auna abu biyu: ainihin tazararsu, da bambancin gudunsu. Idan bambancin bai kai kilomita ɗaya a daƙiƙa ba kuma tazarar ba ta da yawa, jan nauyin Mizar zai iya riƙe Suha. Idan ya wuce haka, rabuwa za su yi. Amma kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a awon nisan shekaru 83 ya kusa cika shekarar haske guda, wato ya fi tazarar da ake son aunawa. Ga shi kowanensu yana rawa a wurinsa saboda abokan da ke jan sa, abin da ke gurɓata awon. Tauraron ɗan'adam na Turai, Hipparcos, ya auna su tsakanin 1989 da 1993. Magajinsa Gaia, da aka harba a Disambar 2013 ya kuma daina aiki a 2025, ya fi shi ƙwarewa nesa ba kusa ba, sai dai an ƙera shi ne don taurari marasa haske, masu ƙarfi irin Mizar suna dallare masa ido. Ƙungiyar Mamajek ta kimanta tazarar da kusan ninki 74,000 na nisan duniya da rana, da yiwuwar kuskuren da ya haura rabin wannan adadi, ta kuma nuna cewa jan da sabon jan tauraron ke yi wa Suha zai iya zama shi ne musabbabin ɗan bambancin gudun da ya sa wasu suka ce ba a ɗaure suke ba. Yawancin masana yau sun karkata ga cewa shidan gida ɗaya ne, amma igiyar da ta ɗaure su sako-sako ce, har wani tauraro mai wucewa ta kusa zai iya tsinka ta.